Abin da Ke Gindin Tulun Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da sukari bai wadata ba, sunansa Nomau. Bawan Allah ne, ba malami ba, ba attajiri ba. Abin da ya iya a duniya shi ne ɗaura amya a kan itatuwa, ƙudan zuma ya shiga, in lokaci ya yi ya hau ya ɗebo. Matarsa Ladingo kuwa gwanar alkaki ce. Suna da 'ya ɗaya tak, Tasalla, shekararta biyar.

Ku saurara ku ji yadda al'adar garin take. In azumi ya kai ashirin da biyar, matan unguwa sai su aiko wa Ladingo da alkamarsu, kowace da ƙwaryarta. Ita za ta kwaɓa, ta murza, ta naɗe, ta soya. Shi kuma Nomau zai ɗebo zuma daga wani babban tulu da yake tarawa tun farkon shekara, ya ɗumama ta a wuta, ya riƙa tsoma alkakin yana tsamewa yana jerawa a faifai, yana ta ƙyalli. Gidan da babu alkakin Ladingo ranar sallah, to sallarsu da saura.

A wata shekara, ranar jajibere da hantsi, aiki ya kusa ƙarewa. Faifai ya fi ashirin a jere a tsakar gida, ƙamshi har ƙofar gida. Zuma ta yi ƙasa, ludayi ya daina kai mata, sai Nomau ya karkato tulun don ya tsiyaye ragowar. Yana karkatowa, sai wani baƙin abu ya biyo zumar ya faɗo cikin kwano.

Ɓera ne, jama'a. Mataccen ɓera, har gashinsa ya fara saɓulewa. Allah kaɗai ya san kwanansa nawa a ciki.

Nomau ya yi salati ya zauna a ƙasa. Ladingo ta taso daga bakin murhu ta leƙa, ta dafe ƙirji. To kun san malamai sun faɗa mana, in dabba ta mutu cikin abu mai ruwa-ruwa, duk abin ya ɓaci. Nomau bai yi karatu mai zurfi ba, amma wannan ya sani.

Ladingo ta waiga hagu, ta waiga dama, ta rage murya. Ta ce, "Malam, wa ya gani?"

Ya ture kwanon gefe.

Ta ce, "Ni da kai ne fa. Kuma zumar nan duk sai da ta hau wuta. Kwana huɗu ina murza, dubi tafin hannuna. Alkamar mutane ce, ba tamu ba. Ka san bakin Iya Gwamma, wadda za ta kai wa surukanta gobe. In maganar nan ta fita, wallahi mun gama alkaki a garin nan."

Kada ku yi saurin zaginta. Ba muguwa ba ce. Tsoro ne, kuma kowa a nan ya san irin wannan tsoron.

Suna cikin haka sai ga Tasalla ta fito daga ɗaki. Ita ba ta azumi, kowace shekara kuma ita ke fara ɗanɗanawa. Ta nufi faifai, ta ɗauki guda mafi ƙyalli, ta kai baki. Kafin Nomau ya motsa, Ladingo ta yi tsalle ta buge hannun yarinyar, alkakin ya faɗi cikin ƙasa. Yarinya ta fashe da kuka.

Nomau ya dubi matarsa. Ya ce, "Ladingo, me ya sa kika buge mata? Ba kin ce ta hau wuta ba?"

Ta jawo yarinyar jikinta.

Ya ce, "Yaran da za su ci gobe, su ma da uwayensu. Bambancinsu da Tasalla ɗaya ne, tasu uwar ba ta ga gindin tulun ba."

Ladingo ta zauna ta yi kukanta. Da ta share hawaye, ita da kanta ta ɗauko masa fartanya. Ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida, suka juye alkakin nan kaf, faifai bayan faifai, ya mayar da ƙasa ya tattake, don kada wani yaro ya tono.

Ku saurara, nan ne wurin da ya fi wuya. Ladingo ta ce, "To mu ce mai ne ya ƙone mana."

Ya ce, "Da azumi a bakina? Na binne ɓarna ɗaya, ba zan haƙo wata da ƙarya ba."

Ya ɗauki ƙwaryoyin mutane, babu komai a ciki, ya bi gida gida cikin rana. Duk inda ya yi sallama maganarsa ɗaya ce: "Ɓera ya mutu a zumata, ban gani ba sai da na gama tsomawa. Na binne alkakinku. Laifina ne, ban rufe tulu da kyau ba." Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wasu suka karɓi ƙwarya suka juya baya.

Da ya zo gidan Iya Gwamma, ta fito har zaure tana tafa hannu. Ta ce, "Kai Nomau, kai wane irin mutum ne? Gobe me zan kai gidan surukai, labarin ɓera? Da ka yi shiru wa zai kama ka? Wallahi wautarka ta fi ƙazantarka ba ni haushi!"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Iya."

Ta ce, "Haƙurin zan zuba a faifai?"

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Ranar sallah yana dawowa daga idi, ana nuna shi ana cewa ga Nomau mai ɓera. Ya kwance akuyarsa guda ɗaya ya sayar, ya mayar wa kowa alkamarsa. A shekarar nan Tasalla da tsohon zane ta yi sallah.

Babbar sallah ta matso. Nomau ya hau itatuwa ya samo 'yar sabuwar zuma, ya zuba a sabon tulu, ya ɗaure bakinsa da fata. Ladingo ta ce, "Wahalar banza kake, Malam. Babu mai aikowa." Kwana biyu kuwa ko kaza ba ta leƙo ba.

A rana ta uku da safe aka yi sallama. Iya Gwamma ce, da kanta, ɗauke da ƙwarya biyu. Ta dire ta ce, "Ina mai ɓeran? Ga alkama."

Ladingo ta ce, "Iya, mu kuma?"

Ta ce, "Ke dai karɓi. Bayan abin nan na sayi alkaki a kasuwa, mai kyau, sai sheƙi yake. Na kai baki ke nan sai na ce, ko me ke gindin tulun wannan? Na kasa haɗiyewa. Na duba duk garin nan, tulu ɗaya ne na san in da abu a gindinsa za a zo har zaure a faɗa mini."

Kafin azahar ƙwaryoyi sun cika tsakar gidan. Sunan mai ɓera bai bar shi ba har ya mutu, amma uwa takan miƙa wa ɗanta alkakin gidan ba tare da ta duba ba.

To jama'a, ga abin da nake so mu tafi da shi. Amana ita ce abin da ka yi a lokacin da kai kaɗai ka ga gindin tulu. Kowannenmu da tulunsa. Kai mai nama, ka san wanda ya kwana. Kai mai gyaran babur, ka san ƙarfen da ka mayar. Ke mai cincin da dubulan na sallar nan, kin san man da kika soya da shi. Ni uba ne, duk sanda na ga yarana sun sayi abu a hanya suna ci, gabana faɗuwa yake, don ban san hannun da ya yi shi ba. Na san ku ma haka ne. To naka ɗan yana cin na wani, ɗan wani yana cin naka.

Ma'aunin ba shi da wuya, ba sai ka je wurin malami ba. Kafin ka miƙa wa ɗan wani, tambayi kanka: da ɗana ne ya kai wannan baki, zan bar shi ya haɗiye, ko zan buge masa hannu? In za ka buge, to ɗauko fartanya.

Allah ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke ciyarwa.