Faifan da Aka Jefar a Juji

Akwai wani mutum da aka ba shi amanar babbar kwamfuta a wani ofishin fassarar Littafi Mai Tsarki. A cikinta aka ajiye aikin shekaru: rubutun fassara, da waƙoƙin sujada, da muryoyin dattawan ƙabilar da ake yi wa fassarar, waɗanda da yawansu sun riga sun rasu.

Kwamfutar tana da faya-fayan ajiya huɗu. An haɗa su sun zama rumbu ɗaya, aka kuma raba rumbun ɗaki-ɗaki, kowane aiki da ɗakinsa. Kowane faifai yana riƙe da wani abu na 'yan'uwansa, domin in ɗaya ya mutu, sauran su cika sabon da aka sa a gurbinsa. Amma in biyu suka fita tare, rumbun ya rushe.

Wata rana ɗaya ya mutu, mutumin kuwa ya kawo sabo. Shugabar ofishin, wata dattijuwa wadda muryar mahaifinta take cikin rumbun, ta ce masa, "Ɗana, ka duba lambar wanda ya mutun?"

Ya ce, "Mama, aikina ne. Na san shi."

A cikin huɗun akwai wani tsohon faifai mai ƙara da ya daɗe yana ba shi haushi. Shi ya zare, yana zaton shi ne mataccen, ya sa a kwandon shara, aka kwashe zuwa juji.

Nan take ɗakunan duka suka rufe. Masu fassara suka yi ta zuwa suna tambaya, yana cewa, "Ana gyara." Sai da rana ta karkata ya duba lamba. Ashe mai lafiya ya cire. Mataccen yana nan zaune a wurinsa, shiru.

Kunya ta rufe shi. Ya daɗe a tsaye a ƙofar dattijuwar kafin ya shiga, kansa a ƙasa. Ya ce, "Mama, mai lafiya na cire."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Ina yake?"

Ya ce, "A juji."

Ta ce, "To, je ka ɗauko shi."

Sai ya tafi da rigarsa mai guga, ya durƙusa yana tonon shara da hannu, abokan aikinsa suna kallo ta taga. Ya same shi a ƙarƙashin ɓawon ayaba. Ya goge shi, ya mayar da shi gurbinsa, sa'an nan ya cire mataccen ya sa sabo. A hankali ukun suka cika sabon, ya buɗe ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Fassarar ta dawo, muryoyin dattawa suka dawo. Amma waɗansu waƙoƙi sun lalace, ba a ƙara jinsu ba. Da dattijuwar ta kunna muryar mahaifinta, mutumin bai iya duban fuskarta ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbun nan ikkilisiya ce, faya-fayan kuwa mu ne, kowa yana riƙe da wani abu na ɗan'uwansa. In damuwa ta taso a cikinmu, mukan yi saurin nuna wanda da ma muke jin haushinsa, mai yawan magana, mai yawan tambaya. Mu ture shi waje ba bincike, ainihin ciwon kuwa yana zaune a tsakiyarmu, wani lokaci ma a zuciyarmu.

'Yan'uwa, kawo sababbin mutane ba zai gyara wannan ba. Sai mun je mun nemo wanda muka kora, mun ce masa, "Na yi maka laifi." Za mu ji kunya, mutane za su gani, kuma ba dukan abin da ya lalace ne zai dawo ba. Duk da haka Ubangiji yana karɓar mai tuba.

In akwai wanda ya daina zuwa sujada saboda bakinka, ka san hanyar gidansa. Ka je yau.