Tayoyin Da Aka Rubuta Wa "Umma" Da Alli

Akwai wani kafinta da ya ajiye zarto bayan shekara arba'in yana aiki. Kowa a layinsu Kafinta yake ce masa, har matarsa, sai dai ita takan ƙara "Malam" a gaba in akwai abin da take so.

Matar tasa, Umma, tana fama da ciwon baya. Ba ta iya zaman kujerar mota ya wuce rabin awa. 'Yar'uwa ɗaya ta rage mata a duniya, Yaya Babba, wadda ke zaune can bakin wani tafki. Tafiyar wuni ce, farkonta kwalta, sauranta duwatsu da ramuka. Shekara tara rabonsu da juna.

Idon Yaya Babba kuwa ya fara rufewa. Kullum suka yi waya sai ta ce, "Ki zo in ga fuskarki tun ina ganin wani abu."

Hanyar nan da zarar ruwan sama ya sauka ta rufe ke nan sai bayan wata biyar. Idon kuma ba zai jira wata biyar ba.

Sai Kafinta ya sayi wata tsohuwar bas da aka daina raba burodi da ita, ya mayar da cikinta ɗaki. Ya yi wa Umma gado, ya yi kabad biyu, ya kafa tankin ruwa da wurin ɗora tukunya. Duk da katako mai kauri ya yi su, irin wanda ƙato biyu ke nishi kafin su ɗaga.

"Ni ban taɓa yin aikin da ya karye ba," in ji shi, yana shafa gadon kamar jariri.

Abu ɗaya ya rage, taya. Waɗanda ke jikin motar sun suɗe sumul kamar tafin hannu.

Nan ɗansu ya shigo maganar. Injiniya ake ce masa, ba don ya karanta ba. Tun yana ƙarami ya kwance fankar gidan, har yau ba ta koma ba, sunan kuwa ya zauna daram. Yanzu ya girma, ya sami aiki, yana da tabarau da waya mai faɗin faranti. Da kuna gabana da na yi muku tafiyarsa: kafaɗa ɗaya sama, makulli na juyawa a yatsa, kowace magana sai ya rufe ta da "ka gane ko?"

"Baba, taya ka bar min. Kyautata ce ga Umma. Na kalli bidiyo ya fi talatin, ka gane ko?"

Kafinta ya ce ya gane, amma dai su fara biyawa wurin mai faci na bakin gada.

Mai facin nan tsoho ne, kullum da guntun alli a bayan kunne, shi ya sa ake ce masa Mai Alli. Da suka iso bai ko kalli tayoyin ba. Ƙofa ya buɗe, ya shiga ya zauna a kan gadon, ya ƙwanƙwasa kabad da yatsa.

"To, to. Malam, wannan gado ne ko gada?"

Kafinta ya yi murmushin jin daɗi, a zatonsa yabo ne.

"Wa za a ɗauka? Ina za a je?" in ji Mai Alli.

Aka gaya masa. Ya ce su je su cika tankin da ruwa, su loda duk abin da za su tafi da shi, su shiga su zauna, a hau da motar kan babban sikelin masu yashi, sannan su dawo.

Injiniya ya cire tabarau. "Baba, taya muka zo saya, ba awon ciki aka kawo motar ba."

Mai Alli ya ce, "Ɗana, taya ba mota take ɗauka ba. Abin da aka ɗora wa motar take ɗauka."

Suka je suka dawo da takardar awo. Mai Alli ya duba, ya zaro allinsa, ya tsuguna ya yi zane a ƙasa. Bayan motar ya yi nauyi ƙwarai, in ji shi, saura kaɗan ya wuce abin da za ta iya. Kabad ɗaya dole ya fita.

Kafinta ya dafe ƙirji. "Wanne?"

"Wanda ka fi so, shi ya fi nauyi."

Sai ya zo kan taya. Ya ce a bar rim ɗin motar na ƙarfe, wato zagayen da taya ke zama a kai, mai lamba goma sha shida. A sa masa taya mai kaurin gefe da manyan zane, wadda ke tafiya a kwalta, ta tafi a dutse da yashi. Kaurin gefen nan shi ke shanye gargada kafin ta kai bayan Umma. Ya nuna musu wata lamba a jikin taya, ya ce ita ke faɗin nauyin da za ta ɗauka, kada a sayi wadda lambarta ba ta kai ba komai kyanta. Kada kuma ta yi tsayi da yawa, don in an murɗa sitiyari za ta riƙa gogar jikin mota.

"Kuma biyar za ku saya, ba huɗu ba. Safaya ma 'yar gida ce."

Injiniya ya yi wata dariya ta hanci. Ya juyo da wayarsa, ga wata mota da rim mai lamba ashirin, yana walƙiya kamar sabon cokali.

"Baba, ka ga abin da duniya take ciki. Shekara tara Umma ba ta je ba, sai ta je a kan ƙafar motar burodi? Zamani ya wuce ka, ka gane ko?"

"Na gane," in ji Mai Alli, ya mayar da allinsa bayan kunne.

A gida Kafinta ya cire kabad ɗin da hannunsa, yana yi yana tsaki. Amma zancen taya ya kasa hana yaron. Karon farko ke nan da ɗansa zai yi wa uwarsa wani babban abu, idonsa har ƙyalli yake.

Kwana biyu sai ga mota ta dawo da rim huɗu masu sheƙi, tayoyin sirara kamar an naɗa musu zare. 'Yan layi suka fito kallo. Injiniya ya ɗauki hoto ta gaba, ta gefe, har kwanciya ya yi a ƙasa.

Bai tsaya nan ba. Ya kwashi tsofaffin rim ɗin guda huɗu da notinansu a leda, ya kai su bakin gada ya zube.

"Baba, ga masoyanka. Na bar maka su kyauta."

"To, to. Na gode. Yaushe tafiyar?"

"Asabar da safe. In ka ga wata walƙiya ta wuce, mu ne."

Ranar Asabar matsala ta fara tun a ƙofar gida. Motar ta ƙara tsayi, Umma ta ɗaga ƙafa sau uku ta kasa.

"Malam Kafinta, wannan mota ce ko bene?"

Sai da aka ɗauko kujerar tsuguno ta taka. Ta kwanta a gadonta, suka kama hanya, Injiniya na tuƙi.

A kan kwalta lafiya lau, sai dai in ya murɗa kwana a ji "ƙurrr" daga ƙasa. Ya ce sabunta ce. Da kwalta ta ƙare kuwa, kowane dutse sai ya aiko da gaisuwa har cikin gadon. Tukunya na rawa, cokula na kiɗa. Umma ta kama gefen gado ta cije leɓe ta daure, don kada ta karya wa ɗanta gwiwa.

Ba su yi awa ɗaya a gargadar ba aka ji "ɗam!" Motar ta karkata baya ta tsaya.

Tayar baya ta tsage a gefe, bakin rim ɗin nan mai sheƙi ya lanƙwashe ciki. Ɗayar ta bayan ma ta yi ƙullutu kamar ƙurji.

"Ba komai, akwai safaya," in ji Injiniya, murya ta ɗan sirance.

Ya ciro ta. Tsohuwa ce, ta motar burodi, gajera a gefen sauran kamar ƙanwarsu. Ya ce a haka ma za a lallaɓa. Ya zo ɗaurawa, notinan sababbin rim suka ƙi zama a na ƙarfe. Nata notinan kuwa suna cikin ledar da ya zube a bakin gada.

Babu gida kusa, babu mota mai wucewa. Can gabas hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin.

Wayar Umma ta yi ƙara. Yaya Babba ce. "Kun kusa? Tun safe nake bakin ƙofa, na sa an share muku wuri."

"Mun kusa, Yaya," in ji Umma. Da ta kashe sai ta juya fuska bango.

Injiniya ya ga kafaɗar uwarsa tana motsi. Ya sauka, ya zauna a kan safayar. Makullin nan da ke juyawa a yatsa ya tsaya cak.

Kafinta ya miƙo masa wayarsa, lambar Mai Alli tana kan fuska. "Kai za ka kira."

Injiniya ya karɓa, ya danna.

"Baba... ni ne. Mai... mai rim ɗin nan."

"To, to. Kun wuce inda kwalta ta ƙare?"

"Mun wuce."

"Ta baya ce ko?"

"Ita ce, Baba."

"Ku sa wa Umma filo a ƙarƙashin gwiwa. Ina tafe."

Awa biyu suna kallon hadari yana matsowa. Sai ga wata tsohuwar a-kori-kura tana tahowa a hankali. A bayanta tayoyi ne masu kaurin gefe da manyan zane. Huɗu an riga an ɗaura su a kan tsofaffin rim ɗin nan, an wanke su an shafa musu baƙin fenti. Ta biyar tana jiran rim ɗin safaya. A jikin kowace an rubuta da alli: UMMA.

Injiniya ya tsaya yana karantawa, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, yaushe ka haɗa su?"

"Ranar da ka kawo min masoyana. Na san hanyar nan, na san nauyin gadon babanka. Kama jak, hira sai an isa."

Ba gori, ba "ai na faɗa maka". Ya dai sa shi aiki. Injiniya ya kwanta a ƙasa, wannan karon ba don hoto ba. Da aka gama, Mai Alli ya miƙa masa gejin awon iska, ya sa shi rage iska kaɗan a kowace taya, ya ce a kan duwatsu haka take lafewa, in sun dawo kwalta a mayar mata da iskarta.

"Ka gane ko?" in ji Mai Alli.

Umma, daga kan gado, ta fashe da dariya har tana riƙe baya. Kafinta ya juya kai wai yana duba hadari.

"Na gane, Baba. Ka yafe min."

"Ai uwarka ka so ka burge, ba laifi ba ne. Tuƙa a hankali."

Motar ta sauko daidai ƙafar Umma. Tukunya ta yi shiru. Kafin su yi nisa Umma ta yi barci, abin da ba ta taɓa yi a mota ba.

Suka isa da la'asar, iska na kaɗa ƙofofi. Yaya Babba na nan zaune inda ta ce. Umma ta sauko da ƙafarta, ba kujera. Yaya Babba ta kama fuskarta da hannu biyu, ta matso da ita dab da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Kin tsufa," in ji ta.

"Ke kuma ashe kina gani sarai, kika tayar mana da hankali."

Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Ɗigon farko ya faɗo a kan rufin motar.

Yaya Babba ta laluba ta kamo hannun Injiniya. "Kai ka kawo min ita?"

Ya kalli tayoyin. Ruwa ya fara wanke allin.

"Ni dai na riƙe sitiyari, Inna. Wani tsoho ne ya kawo ta."

Rim ɗin masu sheƙi kuwa ba su yi asara ba. Kafinta ya yi wa ɗaya murfin katako, mai kauri ba shakka, ya zama teburin shayi a bakin gada. Duk Asabar za ka ga Injiniya a wurin, tabarau a aljihu, guntun alli a bayan kunne.

Darasi: Kafin ka zaɓi abin da zai burge masu kallo, tambayi wa zai hau da kuma inda za a je. Kada ka raina mai sana'a don hannunsa ya yi baƙi, wayarka ba ta taɓa taka hanyar da ya taka ba. In kuma kai aka raina, yi irin na Mai Alli, ka ajiye alherinka a shirye. Ku tura wa Injiniyan gidanku, na san kowane gida akwai guda. In kun duba ba ku gan shi ba, ku leƙa madubi.