Ina Ɓangaren Kogi?

Akwai wani malamin lissafi, Wendell Pruitt, da ya samu aikin koyarwa a birnin New Orleans na Amurka. Daga Omaha ya zo, garin da titunansa suke a miƙe, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa tambayar kowa hanya ba.

Ya samu labarin wani ɗan gida na haya a bayan wani tsohon gida. Mai gidan, Madam Odile, ta ce masa a waya: "Ba shi da lamba. Ka shigo ta lungun da ke ɓangaren kogi. Ƙarfe huɗu, ɗana. In ka wuce lokaci, akwai wani mai jiran gidan."

"Arewa ko kudu?"

"Mu nan ba mu da su," ta ce, ta kashe.

Taswirar waya ta kai shi unguwar, daga nan ta gaza. Lunguna shida, duk iri ɗaya, kuma babu alamar kogi ko ta ina.

Wani tsoho, Alcide, yana zaune a barandarsa yana tsince jan wake. Wendell ya wuce shi sau uku, bai ko dube shi ba. A karo na huɗu, ƙarfe huɗu saura minti biyar, ya tsaya.

"Ina kogi?"

"Yana nan inda muka bar shi," in ji tsohon. "Kai kuma ina gaisuwarka?"

Wendell ya ɗan rusuna. "Barka da yamma, Baba."

"Yauwa. Ya mutanen gida? Mamarka fa?"

Wendell ya duba agogo, huɗu ta gota. Ya tabbata gidan hayar ya kuɓuce masa, sai ya zauna a kan matakala, ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da ciwon gwiwar mamarsa.

Da suka gama, Alcide ya juya ya ɗaga murya ta kan katanga: "Odile, ga mutuminki. Ya ɗan yi tauri, amma zai dahu."

Daga bayan katangar aka amsa: "Tun zagayensa na biyu nake kallonsa ta taga. Jira nake in ga ko yana da baki. Turo shi ya karɓi makulli."

Darasi: Taswira takan kai mutum unguwa, amma mutanen unguwar ne suke buɗe masa ƙofa. In ka sauka a baƙon wuri, ka fara da gaisuwa kafin tambaya. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin ƙaura.