Gindin Ƙarfen da Zakiyyu Ya Ƙi Dubawa

Zakiyyu ma'aikaci ne a Daura, aikinsa duba rumfunan jiran mota da ke kan hanyar Kongolam. Mutum ne mai tsafta, amma tsaftar ta zame masa girman kai. Kullum cikin farar shadda yake, kuma ko me zai faru ba ya tsugunawa a bainar jama'a. In ya zo duba rumfa, daga tsaye zai kalli kwanon, ya ɗauki hoto da waya, ya rubuta "lafiya lau", ya hau babur.

Akwai wata rumfa da dillalai ke ɗaure awaki a jikin ƙarafanta ranar kasuwa kafin mota ta zo. Shekara da shekaru fitsarin dabbobin yana cin gindin ƙarafan. Wata rana Okafor, mai sayar da kayan gyaran mota a gefen wurin, ya tare shi.

"Malam Zakiyyu, don Allah tsuguna ka ga gindin ƙarfen nan. Tsatsa ta gama da shi."

Zakiyyu ya dubi kashin awakin da ke ƙasa, ya dubi rigarsa. Ya ce, "Oga, ka ji da shagonka. Bara aka yi mata fenti."

Sannu a hankali mutanen wurin suka daina shiga rumfar. Sai ka ga fasinjoji tsaye cikin rana, ga inuwa ba kowa. In iska ta kaɗa, rumfar ta riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa. Direbobi ma suka koma tsayawa can gaba. Zakiyyu ya ce ƙauyanci ne kawai.

Farkon damina mahaifiyarsa, Inna Hadiyya, ta taso daga ƙauye za ta zo wurinsa. Ya ce ta jira shi a rumfar. Da la'asar hadari ya haɗu, gari ya yi baƙi ƙirin. Okafor ya hango tsohuwa ita kaɗai a ciki, ya ƙwala mata kira.

"Mama, fito, rumfar nan ba ta da kyau!"

Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana ne ke duba ta. Ya ce lafiyarta lau."

Okafor ya taho a guje, amma iska ta riga shi, ta kayar da rumfar a kan tsohuwar. Da Zakiyyu ya iso, a durƙushe cikin taɓo ya taimaka aka ɗaga ƙarfen da ya danne ƙugunta. A nan ya ga gindin ƙarfen, ya ruɓe sarai.

Inna ba ta sake tafiya da ƙafarta ba, ba ta kuma taɓa ɗora masa laifi ba. Wannan ya fi komai ci masa rai. Yanzu sau biyar a rana yake tsugunawa a gabanta, yana wanke mata ƙafa don alwala.

Darasin shi ne, duk wanda aka ba amanar duba abin da jama'a ke fakewa a ƙarƙashinsa, to ya sunkuya ya duba da gaske, ya kuma saurari masu zama a wurin. Ba ka san wanda zai dogara da "lafiya lau" ɗin da ka rubuta ba.