Laftof ɗin Sa'adatu da Yayyenta Uku

Ku matso kusa, yau na zo muku da wadda ni kaina ta ɗaure mini kai.

Akwai wata budurwa a Funtuwa, Sa'adatu, mai neman gurbin karatun ungozoma. Jarrabawar shiga ta intanet ce, ranar Asabar bayan azahar, kuma ba a yarda da waya ba, sai kwamfuta. Wadda ta rasa, sai baɗi. Ita kuwa abin da ta mallaka wata tsohuwar laftof ce ta hannu, wadda in ka kunna ta sai ka dafa shayi ka shanye kafin ta farka.

Babban yayanta Nafi'u ya goge tsohuwar manhajar, ya sa mata Linux, wadda kowa ke ɗauka kyauta. Laftof ta miƙe garau. Sai dai fa intanet ta ce ba ta san zancen ba. Nafi'u ya ce katin da ke kamo intanet a cikinta ne ke buƙatar wata 'yar manhaja, direba, kuma daga intanet ake sauko da ita. Sa'adatu ta ce, "Yaya, wato sai da intanet za a samo intanet?" Ya ce haka ne. 

Safiyar Asabar, yayanta mai bi wa Nafi'u, Lawandi, ya jona wayarsa da laftof ta kebul, ta ari intanet daga can. Kebul ɗin nasa kuwa sai an riƙe shi da hannu, ko tari ka yi ya katse, ba zai ɗauki jarrabawa ba. Haka ya ƙame har aka sauko da direban da ya dace da sunan da ke jikin laftof. Aka sa, shiru. Aka sake, shiru. Sa'adatu ta zauna bakin ƙofa tana hawaye, ba ta ma san wa za ta ga laifinsa ba.

Na ukun, Sabi'u, bai iya rubuta wa kwamfuta umarni ba, amma ya san halin kayan hannu. Ya kifa laftof, ya kwance bayanta, sai ga shi katin ciki ba nata ba ne: tun kafin a sayar an musanya shi da na wata. Ashe duk wahalar nan, katin da babu shi suke wa hidima! Sabi'u ya karanto sunan na gaskiya, Lawandi ya sake riƙe kebul, Nafi'u ya buga umarni. Ana kiran sallar azahar intanet ta kama.

Sa'adatu ta ci jarrabawa. Makaranta ta ce ranar bikin karɓar ɗalibai kowace ta zo da mutum ɗaya rak. Yayyen nan kowanne ya kai babbar rigarsa guga. Ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta.

To, jama'a, wa za ta ɗauka a cikinsu?