Janareta Ɗaya, Gida Biyu

Akwai wani mai walda da ake kira Dogo. Ba shi da gona, ba shi da gidan kansa. Abin da ya mallaka kawai shi ne wani babban janareta, wanda da shi yake haɗa ƙofofi da tagogi a ɗan shagon da yake haya.

Wata safiya ya zo ya tarar an fasa shagon, an ɗauke janaretan.

Daga nan komai ya tsaya. Wutar unguwar ba ta zama, in ta zo ma ba ta iya ɗaukar injin walda. Masu ba shi aiki suka kwashe ƙarafansu. Mai shago ya karɓe makullinsa. Aka koro yaransa daga makaranta. Matarsa, ga ƙaramin ciki, ta fara sayar da kwanukanta a ɓoye don su ci abinci.

Babu kasuwar tsofaffin kaya da Dogo bai shiga ba. Har ya fara magana shi kaɗai a hanya.

Bayan watanni, ya je neman aikin lebura a wata unguwa mai nisa. Ƙishirwa ta kai shi ƙofar wata dattijuwa mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Yana miƙa hannu sai idonsa ya faɗa kan injin da ke ruri a gefe. Ƙafar injin ɗaya ta taɓa karyewa, kuma shi ya liƙe ta da hannunsa.

"Mama, ina kika samo wannan injin?"

"Saya na yi, ɗana. Lafiya?"

"Nawa ne. Sace min shi aka yi."

Matar ta dafa bango. Mijinta ya rasu, 'yarta ma ta rasu ta bar mata jikoki. Ɗan abin da ta gada ta haɗa kaf ta sayi injin da firiza, kuma da su take ciyar da marayun.

Magana ta kai kotu. Wanda ya sayar mata da injin ya ɓace, shaidun Dogo kuwa suka tabbatar nasa ne.

Alƙali ya ce, "Mama, kotu ta yarda ba ki san kayan sata ba ne, babu laifi a kanki. Amma ɓarawo ba ya iya sayar da abin da bai mallaka ba. Injin yana hannunki, amma na Dogo ne. Haƙƙinki yana wuyan wanda ya sayar miki."

"Ranka ya daɗe, ina zan gan shi?"

Alƙali ya rufe takardunsa ya tashi.

Ranar karɓar injin, Dogo ya zo da yayansa da motar kaya. Mama da kanta ta kashe injin. Suna ɗaure shi a mota, ta buɗe firizar tana kiran maƙwabta su zo su kwashi ƙanƙara kyauta kafin ta narke. Jikokin suna tsaye a bakin ƙofa, babu mai cewa uffan.

Dogo ya san irin wannan shirun. Shi ya baro a gidansa da safe.

"Yaya, mu sauke shi."

"Ka haukace ne? Matarka ta kusa haihuwa, ko kuɗin asibiti ba ka da shi."

"Na sani. A bar mata shi ta sayar da abin da ke cikin firizar tukuna. Ba zan iya tafiya a haka ba."

Yayan ya taya shi saukewa yana faɗa, ya shiga mota ya tafi abinsa.

Dogo ya tayar da injin. Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗana, ina shagonka? In na gama in sa a kawo maka."

"Ba ni da shago, Mama. An kore ni. Ko na ɗauke shi yau, ban san inda zan kafa shi ba."

Ta shiga ciki ta fito da makulli, ta buɗe wani ɗaki da ke kallon titi. Shagon mijinta ne, tun rasuwarsa yake rufe.

"Kana da inji ba wuri, ina da wuri ba inji. Shigo da kayanka."

Suka kira shaidu, aka faɗa a fili: inji na Dogo ne, shago na Mama ne, man injin kuma su haɗa su saya. Ya ja waya ɗaya zuwa firiza, ɗaya zuwa injin walda.

Aiki bai dawo nan take ba, amma ya dawo. Yara suka koma makaranta. Da naƙuda ta kama matar Dogo, Mama ce ta riƙe hannunta har asibiti.

Wata rana wani mai sayen ruwa ya tambaye ta, "Wai injin nan na waye a cikinku?"

Ta yi dariya. "Nasa ne, kotu ma ta faɗa. Ni ɗa na samu."

Darasi: Riƙe abu a hannu ba shi ne mallakarsa ba, don haka ka binciki asalin kaya kafin ka saya. In kuma doka ta ba ka haƙƙinka, ka dubi halin wanda za ka karɓa daga hannunsa, wataƙila shi ma zaluntarsa aka yi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.