Idon Ruwan da Ya Ƙaura

Akwai wani mutum, manomin albasa, da ke zaune a gindin wani farin dutse. Daga waje sai ka ce dutsen a dunƙule yake, amma cikinsa duk ramuka ne kamar gidan gara. Ruwan sama yakan shige ciki, ya bi lunguna, ya ɓullo a gonar mutumin nan garai-garai. Shi iyalinsa ke sha, shi albasarsa ke sha. In ya yi baƙo, kafin a gama gaisuwa ya miƙa masa moɗa: "Sha ka ji!"

A ɗaya gefen dutsen kuwa akwai maƙwabcinsa, majemi, mai jeme fatu. Suna gaisawa, amma manomin yakan toshe hanci in ya wuce.

Ran nan da hantsi sai ƙasa ta girgiza. Tukwane suka kaɗu, kaji suka watse, katanga ta tsage, sa'an nan tsit. Ba wanda ya yi rauni. Amma da matar manomin ta je ɗiban ruwa, sai ga ta a guje.

"Maigida, zo ka gani!"

Kai! Ruwa ya yi fari fat kamar an dama farar ƙasa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. An sa sabulu, ya ƙi kumfa. An ɗora wake, itace ya ƙare, wake yana nan kamar tsakuwa.

Manomi ya shinshina, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Na san warin nan! Majemin nan ne ya ga hankalin mutane ya tashi, ya tuttula ruwan jimarsa cikin ramin dutse."

Matar ta ce, "Maigida, ka bar shi ya gudana tukuna mu gani."

"Ke, rufe mini baki!"

Ya zagaya dutsen, ya tsaya ƙofar majemi, ya zage shi tas a gaban jama'a. Majemi ya ce, "Haba maƙwabci, ni da nake tallafe da katangata kada ta danne mini awaki, yaushe na sami hannun ɗaukar tulu?" Manomi bai saurara ba. Ya koma ya kwaso duwatsu da yumɓu, ya toshe idon ruwan gam, yana cewa, "Ni ba zan sha dauɗar wani ba!"

To, ku ji wauta! Majemi bai zuba kome ba. Can cikin dutsen akwai wani tsohon ruwa da ya daɗe a kwance cikin duhu, yana cin jikin dutse, yana ɗaukar gafi da wari. Girgizar ce ta tsaga bangon da ya tare shi, ya gauraya da mai kyau. Ruwa kuwa ba ya zama don an ce ya zauna. Da ya iske ƙofa a rufe, sai ya bi wani lungu, ya ɓullo, a ina? A bayan gidan majemi!

Majemi ya ga farin ruwa mai wari. Bai zagi kowa ba. Ya ja masa 'yar hanya da fartanya, ya bar shi yana gudu. Ana nan, ana nan, tsohon ruwan ya ƙare, farin ya washe, warin ya tafi.

Manomi fa? Albasa ta fara kwanciya. Ya je ya cire duwatsunsa da hannu biyu, ya iske rami ƙayau. Ya zauna a bakinsa ya rafka tagumi.

Sai ga majemi a guje, yana haki, moɗa a hannunsa tana zuba.

"Maƙwabci! Maƙwabci! Ruwanka ya zo gidana!"

"Dariya ka zo yi mini?"

"Wace dariya? Tashi ka ɗauko fartanya mu ja masa hanya zuwa gonarka kafin albasar nan ta mutu! Amma tsaya." Ya miƙa masa moɗar. "Sha ka ji!"

Manomi ya karɓa daga hannun nan mai warin fata, ya shanye, ya kasa ɗaga ido.

Ma'anar wannan misali ita ce: dutsen nan zuciyarka ce. Girgizar ƙasa kuwa ita ce ranar da gwaji ya same ka, ciwo, ko hasara, ko maganar da ta soke ka. Zagin da ya fito daga bakinka ran nan, kada ka ce wani ne ya zuba maka. Ƙarya ne! Yana ciki tun tuni, girgizar buɗe shi kawai ta yi. In ka toshe shi da girman kai, albarkarka ce za ta bushe. Ka bar shi ya fito a gaban Ubangiji cikin tuba, shi zai tsarkake maɓuɓɓugar har ta fi dā daɗi.

Yanzu ka tuna: wa ka zaga ran da taka ƙasar ta girgiza? Watakila yana nan cikin majami'a, benci ɗaya kuke zaune. Tashi ka same shi yau, kafin albasarka ta kwanta.